Motar Mudi a Hannun Yaya

Kullum da safe, da zarar Jamilu ya tayar da motar a tsakar gida, sai Mudi ya fara dukan katakon gadonsa da hannun hagu, wanda shi kaɗai ya rage masa mai motsi. Bakinsa da ya karkace yana fitar da wani sauti da ba ya zama kalma. Da farko Atika ta ɗauka ruwa mijinta yake so, ta kawo masa, ya kau da kai. Ta ɗauka kwanciyar ce ta dame shi, ta gyara masa matashi, ya ture hannunta. Sai da aka kwana biyu kafin ta lura cewa dukan yana farawa ne tare da injin, kuma yana tsayawa idan motar ta fice daga lungu.

Motar Mudi ce. Farar boksi ce, a-kori-kura mai cin gas, wadda ya yi shekaru yana jigilar tumatir da albasa da ita a Madani. A cikinta suka gudo ranar da yaƙi ya shigo garin, a cikinta kuma ciwon shanyewar jiki ya buge shi kafin su kai Faw, har Atika ta karɓi sitiyari ta ƙarasa da su Gadarif da ɗan tuƙin da ya taɓa koya mata. Suka sauka gidan yayansa Uzairu, mai gonar riɗi da dawa a wajen Fashaga. Ba su gama warware kayansu ba Uzairu ya miƙo hannu ya ce a ba shi makulli ya ajiye, kafin Allah ya ba ƙaninsa lafiya. Washegari ɗansa Jamilu ya fita da motar. Tun daga ranar ba ta huta ba, rani da damina.

Wata safiya Atika ta tare Jamilu a bakin ƙofa.

"Jamilu, tsaya. Baffanka yana jin wani abu a motar nan."

Jamilu ya leƙo ta taga yana murmushi. "Inna Atika, Baffa ko sunansa ba ya iya faɗa, ina ya ga ganewa da mota? Tamam take, lafiyarta lau."

Ya taka, ya bar ta da hayaƙi.

Ta samu Uzairu a rumfa yana shan jabana, wato gahawa, ta durƙusa daga gefe.

"Yaya, alfarma nake nema. A kai motar nan warsha, makanikai su duba ta."

"Wa ya ce miki wani abu ya same ta?"

"Baban Zahra'u ba ya samun natsuwa idan an tayar da ita," in ji ta, don da sunan 'yarsu take kiran Mudi.

Uzairu ya ajiye ɗan kofin. "Kewa ce, Atika. Mutum ya saba da sitiyari, ya wayi gari yana kwance wani yana kai, dole ransa ya sosu. Ki riƙa yi masa addu'a. Mota kuwa zama ne ke kashe ta. Da na bar ta a tsaye da tuni ɓeraye sun cinye wayoyinta. Ku nake taimako."

Ta tafi unguwar makanikai da kanta, a ƙafa, laka tana kama mata takalmi. Makaniken da ta samu ya saurare ta har ƙarshe, sannan ya ce ta kawo motar ya ji da kunnensa. Ta ce ba a hannunta take ba. Ya goge hannunsa da tsumma ya ce, "To Hajja, ni ba na duba marar lafiya daga nesa."

Wayarta an ƙwace tun a hanya, balle ta tambayi wani. Amma Atika ta yi shekaru tana koyarwa a firamare, kuma abin da ta saba shi ne, idan ba ta san abu ba, ta nemi littafinsa. Ta ce a ranta, tunda mijinta ya sani ba ya iya faɗa, ita za ta koya ta faɗa a madadinsa.

Neman littafin ya fi yadda ta zata wuya. Shagunan da ke kusa da babban masallaci tafsiri suke sayarwa da littattafan jarrabawa. Wani mai shago ya tambaye ta ko ɗanta ne ya aiko ta. Da ta ce nata ne, sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya ji. A tashar motocin Doka ta tarar da wani ya baje littattafai a kan buhu, waɗanda 'yan gudun hijira suka sayar don su ci abinci. Ta tsuguna tana tonawa. Akwai wani mai kauri da Turanci, hotunansa tar-tar, amma ba ta jin Turancin da zai kai ta ko'ina. Akwai na tarakta. Akwai wani na jami'a da ya cika da lissafi, ta buɗe shafi bayan shafi ba ta ga inda aka ce ga abin da za ka taɓa ba. Ta ɗauki wani siriri na Larabci mai jar mota a bango, wanda ya yi alkawarin mayar da mai karatu makanike cikin sauri.

Da ta kawo shi gida ta nuna wa Mudi hotunan, ya dube su, ya rufe ido, ya girgiza kai. Sai daga baya ta gane littafin na ƙananan motoci masu fetur ne.

Ta mayar wa mai buhun. Ya ƙi karɓa, amma ya ce mata akwai wani dattijo, Ustaz Babikir, a makarantar da aka zuba 'yan gudun hijira, shi ne ya san irin waɗannan.

Ta same shi a wani aji da aka raba da zannuwa tsakanin iyalai. Siririn mutum ne mai furfura, wanda ya koyar da aikin injuna a makarantar sana'a ta Omdurman. Matarsa tana kwance a tabarma. A gindin allo akwai kwalin littattafai, abin da ya iya fitowa da shi ke nan.

Atika ta gaya masa komai. Bai yi dariya ba. Ya tambaye ta irin motar, da shekarunta, da ko gas take ci. Sannan ya fara ciro littattafai yana ajiyewa gefe.

"Wannan na mai son ya kwance inji ne, ba naki ba. Wannan kuma wanda ya rubuta shi bai taɓa shafa maiƙo a hannunsa ba, daga wani littafin ya kwafo. Ya Ustaza, idan kina son gane littafin kirki ga mai farawa, buɗe babinsa na farko. Idan ya fara da tarihin wanda ya ƙera mota, ajiye shi. Idan ya fara da abin da direba zai duba da safe kafin ya murɗa makulli, riƙe shi. Ki kuma duba zane. Hoto yana da kyau a ido, amma zane ne ke nuna miki inda hannunki zai shiga."

Ya miƙo mata wani mai koren bango da ya sha hannu, gefensa duk tabon yatsu.

"Da shi na koyar da 'yan aji ɗaya. Larabcinsa mai sauƙi ne. A ƙarshensa akwai babin sautuka, irin ƙarar da inji ke yi da abin da take nufi. Mijinki direba ne, kunnensa bai shanye ba. Ki karanta masa."

Ta ajiye masa abin da ta samu daga sayar da tobinta, babban mayafinta na fita unguwa. Ya dubi matarsa a tabarma, ya karɓa yana sunkuyar da kai.

Bayan azahar, lokacin da gidan ya yi tsit saboda zafi, Atika ta jawo kujera kusa da gadon Mudi. Ta sa hannunta cikin hannunsa na hagu.

"Baban Zahra'u, zan karanta maka. Idan na zo kan abin da kake ji, ka matse hannuna."

Ta fara. Ƙara kamar fito daga gaban inji, bel ne ya saki. Hannunsa bai motsa ba. Ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Bai motsa ba. Ƙara mai nauyi daga ƙasan inji, kamar ana buga guduma a kan itace, tana fin ƙarfi idan an tayar da safe.

Ya matse hannunta har sai da ta ji zafi.

Ta bi layin da yatsa zuwa ɗaya gefen shafin. Baƙin mai ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya daina aiki. Idan aka ci gaba da tuƙi a haka, ƙarfe zai ci ƙarfe, inji ya kama.

"Baƙin mai ne?"

Ya sake matsewa. Hawaye ya gangaro ta gefen fuskarsa mai rai. Tun ranar da ya faɗi a hanyar Faw, wannan ne karo na farko da ya gaya mata abu ta kuma gane. Ta kifa kanta a gefen gadon, suka daɗe a haka. Da ta ɗago, ta ci gaba da karanta masa babin lagireto, ba don tana bukata ba, sai don ta ga yana bin muryarta da ido kamar mutumin da aka buɗe wa taga.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi sauƙi da suka gani a gidan. Tana karantawa, yana gyara mata da matsi ɗaya ko biyu. Wata rana ta karanta sunan wani ƙarfe a karkace, sai ga ƙirjinsa yana rawa. Dariya yake yi.

Ranar Juma'a maza suka tafi masallaci a ƙafa, aka bar motar a gindin dalbejiya. Ƙofarta ta daina kulluwa tun da Jamilu ya karya hannunta. Atika ta ja abin buɗe bonet, ta ɗaga, ta kafa sandar. Littafin yana buɗe a kan dutse. Ta nemo ƙarfen awon mai inda zanen ya nuna, ta zaro, ta goge, ta mayar, ta sake zarowa. Man da ƙyar ya taɓa bakin ƙarfen, baƙi ƙirin, yana da kauri kamar kwalta, da ta murza shi a yatsa ta ji yashi-yashi. Ta buɗe murfin lagireto, ruwan ciki ja ne da laka, irin na tafkin gona.

"Atika, me nake gani haka?"

Jummare ce, matar Uzairu, tsaye da tire a hannu.

"Mai nake dubawa, Yaya Jummare."

"Katangar nan gajera ce. Matan maƙwabta suna ganinki kin tura kai cikin mota kamar yaron warsha. Gidan nan da mutuncinsa kuka same shi."

Da Uzairu ya dawo, Atika ba ta jira an kai ƙararta ba. Ta zo masa da tsumman da ta goge ƙarfen, ta nuna masa.

"Yaya, dubi. Tun da muka zo ba a juye man nan ba. Galan ɗaya da filta kawai take bukata, sai a wanke lagireto. Aikin yini guda ne."

Uzairu ya dubi tsumman bai taɓa shi ba.

"Yini guda. Kin san riɗi? Idan ya bushe ba a ɗauke shi ba, fashewa yake ya zube a ƙasa. Leburori suna can Fashaga suna jiran ruwa da gari, wa zai kai musu? Abincin da kike ba Mudi daga ina yake fitowa? Daga gonar nan. Mota tana yi wa gona aiki, gona tana ciyar da ku. Ni ban taɓa yi muku gori ba."

"Ban ce kada ta yi aiki ba, Yaya."

"Zait ɗin nan, baƙin mai, ya yi tsada, yaƙi ake yi. Bayan girbi za a yi mata komai, in sha Allah. Ki bar karatun littafi. Mota ba aji ba ce."

Girbin riɗi ya shigo da ƙarfinsa. Motar ta koma kwana a gona, tana dawowa da buhuna har sun danne ta tana jan gindi. Ranar da likita ya sa a dawo da Mudi asibiti don motsa gaɓoɓi, motar tana Fashaga. Atika ta ɗauko amalanken jaki, ita da mai jakin suka kinkime shi, ta tallafe kansa a cinyarta, ramukan hanya suna jijjiga shi. A ranar komawa ta gaba ma motar ba ta nan. A ta uku Uzairu ya ce wannan motsa gaɓoɓin wahalar da bawan Allah ne kawai, a bar shi ya huta, lafiya ta Allah ce.

Sannan buhuna suka rasa wurin zama. Jummare ta zo ta ce ɗakin da suke ciki shi ne mai siminti, riɗi kuma ba ya son danshi. Aka mayar da su bukkar ciyawa da ke can ƙarshen gidan, kusa da turken awaki. Jummare ta ce ai bukka ta fi iska, za ta fi wa marar lafiya daɗi. A can Mudi ya fara gyambo a baya. Atika tana juya shi ita kaɗai, tana wanke ciwon da ruwan gishiri, ƙudaje suna bin su.

Ta cire 'yan kunnenta, abu na ƙarshe da ya rage mata na gidan Madani, ta sayar. Ta sayo galan na baƙin mai da filta, ta duba lambar da littafin ya ce a duba, ta ɗauko su a ka har gida. Ta nuna wa Mudi, ya shafa galan ɗin da hannunsa. Da safe ta kai wa Jamilu.

"Ga shi. Ba sai mahaifinka ya kashe komai ba. Idan ka ba ni sa'a ɗaya ni ma zan iya juyewa, na karanta yadda ake yi."

"Haba Inna Atika, ke da kanki? Kawo. Akwai mai gyara a gona, yau-yau za a zuba."

Ta koma bukka da sauri ta gaya wa Mudi. Ranar ya ci tuwon asida fiye da kullum.

Da motar ta dawo, aka tayar da ita da safe, Mudi ya ɗaga kai yana saurare. Sai hannunsa ya fara dukan katako. Atika ma ta ji, don yanzu kunnenta ya san ƙarar. Gudumar tana nan, ta ma ƙara nauyi.

Ta fito ta tsaya gaban motar.

"Jamilu, ina man?"

Ya kau da ido. "Taraktar Baba ce ta tsaya, ana tsakar aiki. Shi ya ce a zuba mata. Za a sayo wani."

Ta juya wajen Uzairu da ke alwala a bakin rumfa.

"Yaya, 'yan kunnena na sayar."

"Allah ya ba ki lada," in ji shi, yana shafa ruwa a ƙafa. "Taraktar ai ta mu duka ce. Da ta tsaya, da kowa ya kwana da yunwa, har Mudi. Ki daina raba nawa da naku, Atika. Ni da Mudi ciki ɗaya muka fito. Ba shi da ɗa namiji, 'yarsa tana can Masar da mijinta. Wa yake da shi bayan ni da Jamilu?"

Atika ba ta gaya wa Mudi inda man ya tafi ba. Ba ta bukaci gaya masa ba. Tun daga ranar, idan ta ɗauko littafin, sai ya juya fuskarsa wajen ciyawar bukka.

Ana cikin girbin dawa abin ya faru. Jamilu ya ɗoro buhuna daga wata gona a hanyar Doka, da rana tsaka, injin ya yi ƙara ɗaya ya kama. Wata babbar mota ce ta jawo ta da igiya har ƙofar gida, yara suna bin ta. Makaniken da aka kira ya leƙa, ya gwada juya injin da ƙarfe, ya ƙi motsi. Ya ce ƙarafan ciki sun narke sun manne, sai dai wani injin.

Maƙwabta sun taru. Uzairu ya tsaya a tsakiyarsu, ya sa aka kira Atika.

"Ku tambaye ta," in ji shi cikin sanyin murya. "Motar nan lafiyarta lau har ranar da ta buɗe ta. Jummare ta gan ta da idonta. Ta samo wani littafi a kasuwa, ta shiga kwance-kwance. Wa ya san abin da ta taɓa?"

"Mai kawai na auna, Yaya. Na kuma gaya maka abin da na gani."

"Kun ji ko? Ta amsa ta taɓa."

Atika ta dubi makaniken. Shi ne mai gyara taraktar Uzairu. Ya sunkuya yana tattara kayan aikinsa.

"Usɗa, ka faɗa musu abin da ke sa inji ya kama."

"Abubuwa da yawa ne, Hajja," in ji shi, bai ɗago ba.

Wani dattijo ya ce Allah ya kiyaye gaba, mace dai ta tsaya inda aka ajiye ta. Uzairu ya aika Jummare bukka ta ɗauko littafin daga ƙarƙashin matashin Mudi. Ya karɓa ya sa a aljihun jallabiyarsa.

"Wannan fitina ce. Zan ajiye shi, kada a sake."

Motar ta zauna a gindin dalbejiya. Daga ƙofar bukka ana hango ta, kuma gadon Mudi yana fuskantar ƙofar. Uzairu ya ce sayen inji a wannan zamani hauka ne, gara a rage asara, tunda ga ciyar da marar lafiya. Aka fara da batir. Sannan tayoyi, aka ɗora ta a kan duwatsu. Wani ya zo daga Doka ya kwance giya. Wani ya ɗauki ƙofofi da gilashi. Atika ta so ta juya gadon, Mudi ya riƙe ƙafar gadon da hannunsa ya hana. Ya kalli komai. Ranar da aka cire sitiyari, wani saurayi ya rataya shi a kafaɗa ya wuce ta gaban bukkar yana waya, Mudi ya rufe ido. Hannunsa bai daki komai ba.

Ya daina karɓar abinci. Atika tana ɗura masa madara da cokali, tana zubowa ta gefen baki. Ta roƙi Uzairu a nemo mota a kai shi asibiti. Ya ce zai yi magana da wani abokinsa bayan an gama auna dawa. Ba a kai ga gama awon ba. Mudi ya cika wata safiya, Atika tana goge masa fuska.

An yi zaman makoki babba. Uzairu ya kafa rumfa har bakin titi, ya yanka rago. Daga cikin bukka, inda ta fara takaba, Atika tana jin masu gaisuwa suna wucewa ta bayan dangar. Suna cewa Alhaji Uzairu ya riƙe zumunci. Suna cewa a wannan zamani wa zai ɗauki ɗan'uwa shanyayye da matarsa ya ciyar har Allah ya karɓi abinsa. Ta ji muryar Uzairu tana rawa yana amsawa, kuma ta san kukan gaske yake yi. Yana son ƙaninsa. Bai taɓa ganin ya yi masa komai ba.

Kafin ta fita takaba, amfanin gona ya yi kuɗi, Uzairu ya sayo boksi ta hannu, shuɗiya. Aka ajiye ta inda ƙarafan farar suka taɓa zama. Kowace safiya Atika tana ganin Jamilu ya ɗaga bonet kafin ya taɓa makulli. Koren littafin yana buɗe a kan batir. Yana zaro ƙarfen awo, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa ya ɗaga shi wajen haske. Uzairu yana tsaye a kansa da kofin shayi.

"Duba da kyau. Ruwan ma ka duba, kuma na famfo za ka zuba, ban da na tafki. Buhu nawa ka ɗora jiya? Ka rage. Mota ba jaki ba ce."

Ranar da ta fita takaba ta yi wanka, ta ɗaure 'yan kayanta a zani. Ta riga ta yi magana da matar Ustaz Babikir, an ce akwai gefen aji da wani iyali suka bari. Ta samu Uzairu a rumfa.

"Yaya, zan koma makaranta da zama. Na gode da abin da aka yi mana."

Ya nuna mamaki. Ya ce gidan nan gidanta ne, me mutane za su ce? Jummare ta ce wa zai taya ta aikin gida yanzu da Jamilu ke shirin aure? Atika ta bar su suka gama.

"Abu ɗaya nake so. Littafina."

Uzairu ya dube ta. Babu mugunta a fuskarsa, tambaya yake yi ta gaskiya.

"Me za ki yi da shi, Atika? Ai ba ki da mota."

Babu wanda ya ga wani abu a maganar. Jummare ta ci gaba da tsince shinkafa, Jamilu yana wanke gilashin shuɗiyar motar yana fito.

A Gadarif ta waɗannan shekaru, gidaje da yawa sun buɗe ƙofa ga 'yan'uwan da yaƙi ya koro, kuma da yawa sun yi don Allah. Amma akwai gidajen da baƙo ya shigo da abu ɗaya da ya tsira da shi, aka karɓa da sunan ajiya, aka mora har ya ƙare, aka ɗora masa laifin ƙarewar, sannan aka jira ya yi godiya. Ba a kai irin wannan gaban alƙali, don ba a fasa ƙofa ba, ba a ɗaga murya ba, kuma wanda ya yi ɗin yana sahun gaba a masallaci da zuciya wasai.

Atika ta ɗora ƙullin kayanta a ka, ta fita. Jamilu ya bi ta da kira, ya ce ta tsaya ya rage mata hanya. Ta ce a'a, za ta taka.